Yadda Ake Kallon Tsuntsaye a Damagaram, Daga Tsakar Gida Zuwa Bakin Tabki

Duk ɗan Damagaram ya san shamuwa, ya san isowarta alama ce damina ta kusa. Ya san balbela a bayan shanu, ya san shirwa mai shawagi bisa mahauta. Kallon tsuntsaye ɗori ne a kan wannan sanin: ka ware lokaci, ka zauna wuri guda, ka tantance wane tsuntsu ne wannan, su nawa ne, me suke yi, sannan ka rubuta. Tsuntsayen da aka tabbatar a Nijar sun haura iri 500, kuma jihar Damagaram na da rabo mai tsoka, don akwai tabkuna a kudu, duwatsu a tsakiya, hamada a arewa. Abin da ke sa mutum ya ƙware ba tsadar kaya ba ne, yawan komawa wuri ɗaya ne har idonsa ya saba.

Kayan aiki

Kaye ƙarami irin na ƴan lakkol, wanda zai shiga aljihu, da fensir. Fensir ya fi bik, don zafi kan sa bik ya yi yoyo, kuma in ruwa ya taɓa takarda tawada na bajewa.

Tufafi masu kalar ƙasa, toka ko kore mai duhu. Farar riga da aka sa wa bula tana ƙyalli daga nesa, tun kafin ka iso tsuntsun ya tashi. Ka sa hula ko malafa da takalmi rufaffe saboda ƙarangiya da ƙaya. Ruwan sha aƙalla lita ɗaya da rabi, in bazara ce ka ninka.

Sai madubin hangen nesa mai ido biyu. A jikinsa za ka ga lamba kamar 8x42. Takwas ɗin na nufin yana kusanto da abu ninki takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, wato yawan hasken da yake sha. Ga mai farawa 8x42 ko 8x32 su ne daidai. Mutane da yawa na ruɗuwa da babbar lamba, su sayi 12x50 ko 20x50, su ga hoto na rawa a hannu, filin da ake gani ya ƙuntata, tsuntsu ya tashi ba a same shi ba. Idan na hannu za ka saya a kasuwa, ka gwada shi nan take: ka dubi wayar lantarki ko gefen soro daga nesa. In ka ga layin ya zama biyu, ko idonka ya fara ja bayan minti guda, gilasan ciki sun goce, kuma gyaransu da wuya. Ka juya shi ka leƙa ta gilashin gaba don ganin ko ƙura ko fumfuna sun shiga ciki.

Ba ka da madubi? Kada wannan ya hana ka. Tsuntsayen tsakar gida da na garake ana ganinsu da ido, kuma wanda ya fara da ido da kunne yakan fi saurin gane tsuntsu daga siffarsa. Mutum uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su sayi guda, su riƙa karɓa-karɓa.

Don tantance suna, littafin Nik Borrow da Ron Demey kan tsuntsayen Afirka ta Yamma shi ne abin dogaro, kuma akwai shi da Faransanci. In bai samu ba, manhajar Merlin kyauta ce a salula; ka sauke bayanan yankinmu lokacin da kake da intanet, don a daji ba lallai ka samu layi ba. Amma tsoho manomi ko makiyayi da ya san sunayen Hausa da halin kowane tsuntsu, babu manhajar da za ta maye gurbinsa.

Mataki na 1: Fara da gida

Mako biyu na farko kada ka je ko'ina. Ka zauna tsakar gida ko ƙofar gida minti goma sha biyar bayan sallar asuba, idan gari ya fara wayewa. Ka koyi tsuntsaye goma da ke zuwa kullum har ka gane su ko ta gefen ido: gwara, kurciya, hasbiya, hankaka, shirwa, tsattsewa, baiwar Allah, kabare, balbela, cilakowa. Waɗannan su ne ma'auninka. Gobe in ka ga baƙon tsuntsu, tambayar farko ita ce: ya kai gwara, ya kai kurciya, ko ya kai hankaka?

Mataki na 2: Daidaita madubi da idonka

Yawancin masu cewa madubi na sa musu ciwon kai ba su daidaita shi ba ne. Da farko ka buɗa ko ka matse ɓangarorin biyu har da'ira biyun da kake gani su haɗe su zama ɗaya. Sannan ka rufe gilashin gaba na dama da tafin hannu, ka dubi wani rubutu mai nisan taku talatin, ka murza ƙaramar tayar tsakiya har ya fito sarai a idon hagu. Ka koma ka rufe na hagu. Yanzu kada ka taɓa tayar tsakiya. Zoben da ke jikin idon dama za ka murza har rubutun ya fito. Shi ke nan, daga nan tayar tsakiya kaɗai za ka riƙa amfani da ita. Mai tabarau ya naɗe ko ya murza robar bakin idon ta koma ciki.

Kuskuren da kowa ke yi: ya ga tsuntsu, ya sunkuyar da kai ya ɗauko madubi, ya ɗago yana lalube cikin ganye. Ka kafa idonka a kan tsuntsun, kada ka ɗauke, ka ɗago madubin ya zo ya sami idon. Ka yi ta gwaji da kurciyar da ke kan waya har hannu ya saba.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar gilashi. Kada ka goge shi da bakin riga ko rawani, yashin da ke kai zai kakkarce shi. Ka hure ƙurar tukuna, ka share da burushi mai laushi, sannan ƙyalle mai taushi. Kada ka bar shi cikin mota a rana, kuma kada ka kuskura ka dubi rana da shi, yana iya makantar da kai.

Mataki na 3: Zaɓi lokaci da wuri

Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara na safe, sai kuma daga bayan la'asar zuwa magariba. Da tsakar rana ƙananan tsuntsaye na laɓewa cikin inuwa. Masu shawagi ne kawai, irin shirwa da ungulu, ke fitowa idan iska mai zafi ta fara tashi sama. Ranar da hazo ya yi kauri launi ba ya fitowa, gara ka tsaya kusa da gida.

Kowane lokaci na shekara da baƙinsa. Gab da damina shamuwa ke isowa, ta yi sheƙa bisa manyan itatuwa cikin gari da ƙauyuka, in kaka ta yi ta nufi kudancin Afirka. Da damina kabare ke saƙa, mazan sun yi ado da rawaya da baƙin kai. Daga Satumba zuwa Afrilu kuwa baƙin Turai da Asiya ke nan, waɗanda suka ƙetaro Sahara: agwagin ruwa, ƙananan masu dogayen ƙafafu da ke tsince a taɓo, da shahuna iri-iri. Disamba zuwa Fabrairu ne tabkuna suka fi cika da tsuntsaye, don ƙananan kududdufai sun ƙafe, kowa ya taru inda ruwa ya rage.

A cikin gari, duwatsun da ke Birni da kewayensa wurin hasbiya ne da tsattsewa. Garaken Miriya, kusan kilomita 18 gabas da gari, na da kuka da inuwa da danshi. In ka ci gaba a hanyar Gure za ka kai tabkin Gidimuni, wanda aka sa cikin jerin dausayi masu muhimmanci a duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019. Tabkin Lassuri ya riga shi shiga tun 2005. Gonakin gawo na wajen Matamaye da Magariya ma kada a raina su. Gawo na fitar da ganye da rani lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, saboda haka ƙwari da ƙananan tsuntsaye baƙi can suke taruwa.

Kafin ka shiga garkar mutum ko bakin tabkin wani ƙauye, ka yi sallama, ka gaida mai gari ko mai wurin: “Baba, tsuntsaye na zo kallo, ba farauta ba.” Ka nuna musu kayen da madubin, ka bar su su leƙa. Baƙo mai leƙe-leƙe da madubi ba tare da bayani ba yana jawo zargi, musamman a wannan zamani. Kada ka ɗaga madubi ko salula kusa da barikin soja, filin jirgin sama ko shingen jami'an tsaro, kada kuma ka juya shi wajen gidajen mutane ko inda mata ke wanki. Tafiya mai nisa, kamar wajen Termit, ba a yinta sai da izinin hukuma da ɗan jagora.

Mataki na 4: Kusanta ba tare da ka kora ba

Rana ta kasance a bayanka. In tana gabanka, kowane tsuntsu baƙi za ka gan shi. Kada ka miƙe tsaye ka nufi tsuntsu. Ka bi a karkace, kamar wucewa za ka yi, kana tsayawa bayan ƴan taku. Nuni da hannu a miƙe na tayar da su, saboda haka in kuna biyu ka faɗa da baki a hankali: “reshen hagu na bagaruwar can, sama da kututture.” Idan tsuntsu ya daina kiwo, ya miƙe wuya yana dubanka, ka kai iyaka. Ka tsaya ko ka ja baya.

Mafi alheri shi ne ka sami gindin itace ka zauna, ka jingina, jikinka ya saje da kututturen. Cikin minti goma zuwa sha biyar waɗanda suka gudu za su dawo su ci gaba da harkarsu. A bakin tabki kada ka shiga ruwa ko taɓo da ƙafa, tsargiya na nan cikin ruwan da ba ya gudu. Ka duba gindin itacen da kyau saboda kunama da maciji kafin ka zauna.

Mataki na 5: Tantance tsuntsu

A nan aikin yake. Mai farawa launi yake fara kallo, alhali launi ne ya fi yaudara: haske na canza shi, shekaru na canza shi, lokacin shekara na canza shi. Namijin kabaren da ka sani da rawaya mai haske a Agusta, in Janairu ta yi za ka same shi fari-fari da ratsin ƙasa, da ƙyar ka raba shi da matarsa. Ka bi wannan tsari, kuma kada ka buɗe littafi sai tsuntsun ya tafi, don littafi na nan, tsuntsu ba ya jira.

Girma da siffa tukuna. Sai baki: gajere mai kauri na masu cin tsaba ne, siriri na masu cin ƙwari, mai lanƙwasa kamar ƙugiya na masu cin nama, dogo siriri mai ɗan lanƙwasa na sha-kauci mai zuƙar ruwan fure. Sai ƙafafu da wutsiya. Sai yadda yake tashi. Sai wurin da ka same shi da abin da yake yi. Launi ya zo daga ƙarshe, kuma ka lura da inda launin yake: kai, maƙogwaro, ƙirji, ko fiffike.

Ga misalan da za ka ci karo da su tun makon farko. Zalɓe da balbela in suna tashi naɗe wuya suke yi, kai ya koma tsakanin kafaɗu. Shamuwa da gauraka miƙe wuya suke. Wannan kaɗai ya raba maka su daga nisan da ba ka ganin launi. Fararen bakin ruwa ba duka balbela ba ne: balbela gajeriya ce mai rawayan baki, amma akwai wata siririya mai baƙin baki da baƙaƙen ƙafafu, yatsunta rawaya kamar ta taka fenti, ita cikin ruwa take farautar kifi, ba ta bin shanu. Shirwa kuwa wutsiyarta mai baki biyu ce, tana murza ta tana juyawa a iska. Manyan da ke zuwa da damina bakinsu rawaya ne, masu zuwa daga Turai da rani bakinsu baƙi, sai dai ƴaƴan na farko ma bakinsu da duhu, don haka kada ka yi saurin yanke hukunci.

Dangin kurciya kan rikita mutane. Ta tsakar gida ba ta da baƙin zobe a ƙeya, ƙirjinta na da ɗige-ɗige. Akwai masu rabin zobe baƙi a bayan wuya, su iri-iri ne, kukansu ya fi raba su. Bardo ƙarami ne mai doguwar wutsiya, namijin da baƙar fuska. Hasbiya babba ce, da jan fata kewaye da ido da fararen ɗigo a fiffike. A tabki, kirinjijiya farar fuska gare ta da dogon wuya, tana tashi tana fito. Ladin kogi kuma fari da baƙi ne a kan dogayen jajayen ƙafafu sirara.

Wanda ba ka gane ba, ka zana shi ko da zanen bai yi kyau ba, ka ja kibiya ka rubuta “fari a nan, ja a nan”. Ka rubuta “ban tantance ba”. Cusa wa tsuntsu suna da ƙarfi shi ke ɓata bayanai.

Mataki na 6: Kunne, da hutun rai

Rabin tsuntsayen garka jinsu za ka yi kafin ka gan su. Kukan ragon maza kamar ana tsiyaye ruwa daga gora, alhudahuda mai maimaita “hud-hud-hud”, zakaran ƙeƙuwa mai kwarmato in ka kusanci bakin ruwa. Ka koyi kuka ɗaya a mako: ka ji, ka bi sautin har ka ga mai shi yana buɗe baki. Kada ka riƙa kunna kukan tsuntsu a salula don ka jawo shi, musamman lokacin sheƙa. Yana barin ƙwai ya zo faɗa da abokin gaban da babu shi.

In don samun natsuwa ka fito, ka kashe ƙarar salula, ka ba minti goman farko ga saurare kawai, ba rubutu, ba ƙirga. Hankalin da ke bin motsin reshe ba ya samun sararin juya bashi da rigimar kasuwa. A 2022 masu bincike na King's College da ke Landan sun wallafa sakamakon bibiyar mutum 1,292 ta manhajar salula, inda suka ga gani ko jin tsuntsaye na tafiya tare da ingantuwar yanayin rai har na tsawon sa'o'i, har ga masu fama da ciwon damuwa. Ga tafiyar ƙafa da sanyin safiya, wadda mai hawan jini ko ciwon suga ke buƙata dama. Wannan ƙari ne a kan magani, ba madadinsa ba. Wanda damuwa ta hana shi barci ko cin abinci ya ga likita.

Mataki na 7: Rubutu da ƙirga

Kowace fita shafinta: kwanan wata, wuri, lokacin farawa da gamawa, yanayin sama, sannan sunan kowane tsuntsu da adadinsa. Na kullum ma ka rubuta su, har gwara. Shekara biyar nan gaba, abin da zai yi amfani shi ne sanin ranar da shamuwar farko ta sauka unguwarku kowace shekara, da sheƙa nawa ke kan tsamiyar nan bana idan aka gwada da bara.

Babban garke ba a ƙirga shi ɗaya-ɗaya. Ka ƙirga goma daga gefe, ka riƙe faɗin da suka ci a idonka, ka auna sauran garken da shi. In sun yi yawa ka auna da hamsin ko ɗari. Ka ƙirga sau biyu. In lissafin ya sha bamban, ɗauki na ƙasa. Mai intanet na iya zuba bayanansa a eBird, shafin da ke tara bayanan masu kallon tsuntsaye, inda masu bincike ke ɗauka, kuma yankinmu na cikin wuraren da bayanai suka yi ƙaranci. A tsakiyar Janairun kowace shekara ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara tun 1967. Ka tambayi ma'aikatan gandun daji ko suna fita, ka nemi bin su.

Mataki na 8: Kiyayewa

Abu mafi sauƙi shi ne ruwa. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kasko ɗaya na ruwa zai tara maka tsuntsaye fiye da kwanon gero. Zurfin ruwan kada ya wuce santimita biyu zuwa biyar, ka sa dutse a tsakiya don ƙanana su sami wurin tsayawa. Ka ajiye shi a inuwa, bisa wani abu mai tsawo, nesa da inda kyanwa za ta laɓe. Ka zubar ka wanke kullum ko bayan kwana biyu, in ba haka ba ka buɗe wa sauro gidan haihuwa. Kada ka haɗa shi da wurin shan kaji da tattabaru, cuta na ratsawa ta nan.

In za ka dasa itace, magarya, kurna, aduwa da bagaruwa sun fi ciyar da tsuntsaye. Sassabe da datse reshe a bari sai bayan damina, idan ƴaƴa sun tashi. Sheƙa daga nesa ake kallonta. Yawan zuwa na nuna wa hankaka da yara hanya. Yaron da ke yawo da danƙo, faɗa ba ya hana shi. Ka ba shi madubi ya leƙa, ka ɗora masa ƙirgar sheƙunan shamuwa na unguwa.

Manomi na da gaskiyarsa game da jan-baki, garke ɗaya na iya cinye gonar gero. Amma guba ba ta zaɓe. Shamuwa da balbela fara suke ci, mujiyar da ake jifa saboda camfi ɓeraye take kamawa cikin dare. Ungulu ce abin ya fi shafa. Da ba a rasa ta a mahauta, yau sai a yi wata ba a ga ɗaya ba. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun gari cikin masu gab da ƙarewa, saboda mushen da ake sa wa guba da kuma cinikin kai da ƙafafunta don magani. Ƙwai ɗaya tak take yi a sheƙa, shi ya sa in an kashe manya ba sa saurin mayuwa. Duwatsun Kutus da ke wajen Kelle na cikin wuraren da manyan ungulaye ke sheƙa har yanzu, kuma a Kelle ɗin ne ake kiwon jimina mai jan wuya don mayar da ita daji. Dokar farauta da kare namun daji ta 1998 tana aiki. In ka ga ana sayar da sassan ungulu ko an sa guba a mushe, kada ka yi rigima da kowa, ka sanar da ma'aikatan gandun daji.

Idan ka tarar da tsuntsaye da yawa matattu wuri guda, kada ka taɓa, kada ka bar yara su ɗauka, ka kira ma'aikatan kiwon dabbobi. Murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a Magariya a 2006. Tsuntsun kuma da aka samu da zoben ƙarfe a ƙafa, masu bincike ne suka sa masa, galibi a Turai. Ka ɗauki hoton zoben ta kowane gefe, ko ka kwafe lambar da sunan garin da ke jiki harafi-harafi, ka haɗa da kwanan wata da sunan ƙauyen da aka same shi, ka miƙa wa ma'aikatan gandun daji ko ka aika wa cibiyar da sunanta ke kan zoben.